Ranar da Hajiya Luba ta Nutse a Croydon

Duk wanda ya san Hajiya Luba ta unguwar Edmonton a London ya san ba ta yarda da ruwan da ya fi ƙarfin bokiti ba. Ko bas ce ta hau gadar kogin Thames da ita, sai ta kau da kai daga taga ta kama jan carbi har a tsallake. To wai ita ce autarta Muhibbat ta zo wa da zancen ta sami aiki a wani tsibiri can ƙasar Indonesiya, aikin kuma a ƙarƙashin teku ake yinsa, ana dasa murjani yadda ake dashen albasa.

"Murjanin da muke sawa a wuya?" in ji Hajiya. "Shi ne sai kin bi shi har gidan ubansa? Auta, ki kiyaye ni."

Ta yi tsalle ta dire ta ce ba da yawunta ba. Ita kuwa Muhibbat haihuwar London ce, tana jin Hausa sarai amma rabin amsarta da Turanci take fitowa, kuma duk bokonta akwai abu ɗaya da ta riƙe gam: ba za ta taka jirgi ba sai uwarta ta sa mata albarka. Tun rasuwar mahaifinta su biyu ne a flat ɗinsu na council, gidan hayar hukuma, yayanta Affan ya yi aure ya tare a Manchester. Masu aikin suna can suna jiran amsa, kuma ba za su yi ta jira har abada ba.

Rannan suna cin tuwo Muhibbat ta ajiye cokali. "Mama, just try it once. Na yi miki booking da malamar da ta koya mini nutso a ruwa. Mace ce, ke kaɗai za ta koya wa, ba namiji ko ɗaya a wurin. In kin fito kin ce a'a, shi ke nan, I'll say no to them."

Hajiya ta yarda. Kada ku ɗauka zuciyarta ce ta yi laushi, ina! Hujja za ta je nema. Ta riga ta tsara yadda za ta fito ta gyara mayafi ta ce gani ya kori ji, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ta kashe maganar har gaban abada.

Ranar Lahadi da safe suka kama hanyar Croydon. Hajiya ba ta taɓa zuwa garin nan da daɗin rai ba, don duk zuwanta a da layin biza ne a ofishin shige da fice yake kai ta. Yau ma ba da daɗin ran ta zo ba. Da suka isa wurin ninƙayar ta nuna wa Muhibbat benci a waje, ta ce ta zauna nan, ba ta zo a yi mata dariya ba.

A ciki ta tarar da malamar, wata doguwar mace mai faɗin kafaɗa da wushirya, sunanta Fausia, 'yar zangon Kumasi.

"Hajiya, ka zo lafiya? Muhibbat ya ba ni labarinka."

Hajiya ta waiwaya ta ga ko wani ƙato ne ya biyo ta. Babu kowa. Sannan ta tuna ai mutanen Gana haka suke Hausarsu, mace da namiji duk kwano ɗaya suke zuba su. Ta ce lafiya lau, ya aiki, ya yara, ya sanyi, ya mutanen gida, sai da ta kai gaisuwa inda ake kai ta kafin ta yarda aka nuna mata kaya.

Kaya kuwa, tirƙashi! Akwai wata baƙar rigar roba da sai da suka haɗa ƙarfi su biyu, ɗaya na ja ɗaya na tura, kafin Hajiya ta shige ciki, tana haki tana tsine wa wanda ya ɗinka ta. Abu ɗaya ya burge ta, rigar tana da hula mai rufe gashi ruf. Aka ɗaura mata ɗamara mai nauyi a ƙugu, aka sa mata takalman agwagwa, aka goya mata tukunyar iska irin ta gas ɗin girki.

"Rabona da goyo tun Auta," in ji Hajiya, "ita ma ba ta kai wannan nauyi ba."

Fausia ta miƙa mata gilashin fuska ta ce ta tofa yawu a ciki ta goga, don kada ya yi hazo a ruwa. Nan Hajiya ta ji ta fara ganin mutuncin malamar. Ashe dai sun san Allah a sana'ar nan! Ta tallafi gilashin da hannu biyu, ta karanto Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ta tofa a dama ta tofa a hagu. Fausia ta buɗe baki za ta yi gyara, ta duba gilashin ta ga ai ya jiƙe yadda ake so, sai ta ce amin kawai.

Kafin su shiga ta koya mata maganar hannu, tunda a ƙasa ba baki. In ka haɗa babban yatsa da manuniya suka yi zobe, kana nufin lafiya lau, tambaya ce kuma amsa ce. In kuwa da matsala, sai ka shimfiɗa tafin hannu ka karkaɗa shi, ka nuna inda ke damunka. Ta kuma ce in suna sauka ruwa zai danne kunne, sai a toshe hanci a hura a hankali har ya buɗe. Hajiya ta yi ta gyaɗa kai. Zoben nan ta ɗauke shi nan take, ɗayan kuwa ko gwada shi ba ta yi ba.

Suka fara daga inda ruwa ya tsaya a ƙirji. Hajiya ta ciji robar shaƙar iska, ta durƙusa, ruwa ya rufe kanta. Ta ja numfashi, iska ta zo! Ta sake shi, sai ga kumfa bul-bul-bul ta kunnuwanta kamar tafasar tukunya. Ku kuma kun san Hajiya, ko cokali ne ya faɗi a kicin sai ta yi salati. Ta buɗe baki ta ce "Innalillahi," robar ta yi nata wuri, ita kuma ta kwankwaɗi ruwan Croydon mai warin bilic. Ta miƙe tana tari tana tofar da yawu.

"Hajiya," in ji Fausia tana danne dariya, "salati a zuci za ka yi shi. Allah yana ji."

A karo na gaba ta yi shi a zuci, kuma abin haushi, sai ta ga tana iyawa. Ta zauna a ƙasa tana shaƙa tana fitarwa, Fausia ta yi mata zobe, ta mayar mata da zobe. Daga nan malamar ta kama hannunta suka bi gangaren da ya nufi wajen zurfi.

Tun ba su yi nisa ba kunnen dama ya fara. Da fari kamar an danna mata yatsa, can kuma kamar ana soka tsinke. Ta toshe hanci ta hura, shiru. Fausia ta juyo ta yi mata zobe. To me Hajiya za ta ce? Baiwar Allah ta bar gidanta da sassafe ranar hutu, ta sha wahalar sa mata riga, ta yi ta fama da ita da fara'a, sannan ita da girmanta ta kama yi mata raki a kan ɗan kunne? Ta mayar da zobe. Suka ƙara sauka kaɗan, tsinken ya zama allura, hawaye ya cika gilashin, ta runtse ido ɗaya. Fausia ta tsaya ta leƙa fuskarta, ta sake yin zobe, a hankali wannan karon. Hajiya ta cije robar nan, ta ɗaga hannu ta yi mata zobe mai kyau, har da ɗan rusunawa.

Fausia ba ta ƙara tambaya ba. Ta riƙe ta gam, ta yi sama da ita sannu a hankali har suka ɓullo, ta kai ta bakin ruwa ta kama ƙarfe. Da ta cire robar bakinta, wushiryar nan ta ɓace.

"Kunnenka yana ciwo."

"Da sauƙi," in ji Hajiya.

"Ban ce da sauƙi ko ba sauƙi ba. Na tambaye ka a ƙasa, ka ce lafiya. Don me?"

Hajiya ta ji abin ya yi mata zafi. Yarinyar da ba ta wuce ƙanwarta ta uku ba! Ta ce, "Ke 'yar nan, mu haka aka tarbiyyantar da mu. Ko a gadon asibiti aka ce ya jiki, da sauƙi ake cewa. Ina naƙudar Auta surukata ta bugo waya daga Kano, na ce mata lafiya lau muke. Ba a buɗe wa mutane ciki, kuma ba a raina ɗawainiyar wanda ya yi maka."

"Mu ma a zango haka ne," in ji Fausia. "Amma ruwa bai san kara ba, Hajiya. Da mun ƙara sauka, kunnen nan fashewa zai yi. Ni ban tsoron ɗalibi mai tsoro, mai kunya nake tsoro." Ta share ruwa daga fuskarta. "Ka san me ya sa ban damu da tafiyar Muhibbat ba? Ranar da ya fara zuwa nan ya hana ni sakat. Kunne na ciwo, a tsaya. Gilashi na yoyo, a tsaya. Ban gane ba, a sake. Ko a teku, in abu bai yi masa ba, ko gaban wa zai ce yau ban shiga. Irinsu ne suke tsufa a aikin nan."

Hajiya ta ƙara riƙe ƙarfen. Wannan hali ai ta san shi, shekara nawa tana yaƙi da shi! Yarinyar da tun tana 'yar mitsitsiya za a kai ta gidan mutane a zuba mata abinci, ta dubi matar gida ta ce, "I don't like it, Auntie." Sau nawa ta murɗe mata kunne a hanyar komawa gida, sau nawa ta kai ƙara wajen marigayi cewa ƙasar nan ta cinye wa 'yarsu kunya? Yau ga wata ta tsaya a gabanta tana cewa abin nan shi ne zai dawo mata da 'yarta gida da rai. Wallahi sai ta ji kunyar ta kama ta ita.

"Mu koma," in ji ta.

Suka sake bin gangaren. Daidai wurin ɗazu kunnen ya ce ga ni. Fausia ta yi zobe. Hannun Hajiya ya tashi da kansa zai mayar, ta tsayar da shi da ƙyar, ta shimfiɗa tafin, ta karkaɗa shi kamar mai roƙon gafara, ta nuna kunne. Ta jira ta ga ko duniya za ta tashi. Ba abin da ya faru. Fausia ta ɗaga ta sama kaɗan, ta nuna mata hanci, ta hura, kunnen ya yi ƙyas ya buɗe. Abin da ta kusa kurmancewa a kansa ke nan.

Har ƙasa suka kai. Ba murjani ba kifi, sai tayil shuɗi da wani ribom ɗin gashi da wata ta yar. Amma gwiwoyin nan nata da suka shekara suna yi mata tsiya a matakalar flat, ta neme su ta rasa. Goyon da ke bayanta ma ya daina nauyi. Ta saki hannun Fausia, ta ɗan taka da takalman agwagwa, sai ga Hajiya Luba guda tana shawagi ba ta taɓa ƙasa ba. Dariya ta taso mata, ta tuna abin da buɗe baki ya ja mata ɗazu, ta yi ta a zuci.

Da ta fito ta shirya, shatin gilashi ya zagaye mata fuska, ta tarar da Muhibbat a bencin nan ta ƙura wa ƙofa ido. Yarinyar ta miƙe zumbur.

"Mama? How was it?"

Hajiya ta zauna, ta ja ta ta zaunar kusa da ita. Jawabin da ta haddace tun daga gida yana nan a bakinta, makaho da rijiyarsa da komai, kuma ta san in ta faɗe shi yarinyar nan za ta cika alkawari. Ta dubi hannuwanta da ruwa ya yamutsa.

"Na ji tsoro, Auta," in ji ta. "Kuma har yanzu ina ji. Amma ba ruwan ba ne, na gane a can ƙasa. Gidan ne. In kin tafi, wa zan yi wa faɗa? Tuwon mutum ɗaya ma ban san yadda ake tuƙa shi ba."

Muhibbat ta matso. Ta kifa kai a kafaɗar uwarta. Can ta ce a hankali, "To zan zauna, Mama."

"Za ki zauna a ina? Ni na ce ki zauna?" Hajiya ta dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya, ya fito da ke duk ranar da kika shiga."

Ta ja gefen mayafi ta share ido, ta ce bilic ɗin ruwan nan ne, ba shi da kyau. Sannan ta miƙe ta gyara jaka a kafaɗa.

"Tashi mu je kada shaguna su rufe. Akwatin nan naki ba zai ɗauki kuka da daddawa ba. Nawa babba za ki tafi da shi."