Harsashi Mai Sanyin Murya

Ni dai ban taɓa son bindiga ba, kuma har gobe ba zan ce ina sonta ba. Maigidana ne mai wannan ciwon. Daga kasuwar Ataba ta nan Alƙahira, inda yake sarin abaya da takalma yana aikawa Kano, har gidan hayarmu a Hadayik Ma'adi, babu wanda ya san shi da wani suna sai Ɗantsoho. Sunan kakansa ya ci, kuma ba sunan kaɗai ya ci ba. Kakan maharbi ne a dajin Ningi, da hannunsa yake ɗura bindigar toka, shi ya sa jikan ya taso da ƙaiƙayin albarushi a yatsu.

Mazan mutane ranar hutu shagon gahawa suke tafiya kallon ƙwallo. Nawa sai ya kama hanyar bayan gari, can bakin hamada, zuwa wani kulob na masu wasan harbi. Harbin ma bai dame shi can can ba. Abin da ke kai shi wani ɗan ɗaki ne a bayan filin, inda mai kula da makaman kulob ɗin yake barin tsofaffin membobi su zauna a gabansa su sake ɗura kwanson harsasan da aka riga aka harba. Ko kwanso ɗaya ba ya fita daga ƙofar kulob ɗin, don hukumar ƙasar nan ba ta wasa da wannan. Labari kawai yake dawo min da shi: yadda ake wanke kwanso har ya yi ƙyalli, yadda ake auna albarushi a ɗan sikeli kamar mai sayar da zinari, yadda ake danna dalma a baki. Mutumin da in na aike shi sayen shinkafa sai ya dawo da taliya! Ina jinsa ina gyaran mulukiya, lalon Misirawa, in ya dasa aya in ce, "To, Allah ya ba da lada."

Zamanmu lafiya lau, alhamdu lillahi. Muna ci muna sha, 'yarmu tilo Humaira ta gama karatun haɗa magunguna, maƙwabta na kirki. Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya, shi ne ƙara.

Shekarun baya na je gida ganin dangi, a hanyar Funtuwa 'yan bindiga suka buɗe wa motarmu wuta. Allah ya yi da sauran kwana, ko ƙwarzane ban yi ba, a cikin wani kwazazzabo na kwanta har suka tafi. Amma tun daga ranar, da na ji abu ya fashe, ƙafafuna sai su sallame ni. Ba suma nake yi ba, idona biyu, ina ji ina gani zan zube. Ga shi kuma Allah ya ajiye ni a Alƙahira, garin da in azumi ya kama yara ba su da aiki sai jefa nokawut a lungu. Na zube a layin biredi, na zube a bakin tashar jirgin ƙasa, na taɓa zubewa da kwandon ƙwai a hannu. Har mai gadin gidanmu ya saba, in ya ga yara sun taru sai ya ɗaga kai ya yi min kira, "Hajiya Fatu, kar ki sauko yanzu!"

Ana haka aka sa ranar auren Humaira da Harun, yaron da ta kawo da kanta, ɗan Hausawan Sudan ne na nan unguwarmu. Yaro mai hankali, ba ni da abin cewa a kansa. Abokansa ne ba su da hankali. Sun rantse ranar zaffa, wato rakiyar amarya da ango a titi da ganguna, sai sun kunna shamarik har sama ta yi ja. Shamarik ɗin nan wasan wuta ne mai tartsatsi da ƙara, nokawut ƙaninsa ne.

Wata rana muna ninke kayan lefe Humaira ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "Umma, in kin ga ba za ki iya ba, ki tsaya a sama ki leƙo ta taga. Wallahi ba zan ji haushi ba."

Ita ba za ta ji haushi ba. Ni na ji. Maganar nan ta ƙona min rai fiye da zagi, don na san da gaske take yi, tausayina take ji. 'Yata ɗaya a duniya za ta fita gidan miji, matan unguwa suna riƙe da hannunta, ni kuma ina leƙe ta taga kamar 'yar haya? Na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska, na fito na ce wa kowa albasa ce.

Baban Humaira bai yarda da zancen albasa ba. Washegari yana shan shayi ya ce, "Fatu, duk ƙarar da ke kayar da ke, wani ne ya yi ta, ba ki san lokacin zuwanta ba. Ki zo ki yi taki da hannunki mu gani."

Na ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Mai tsoron ruwa za ka kai kogi?"

"Akwai ajin mata. Mace ce ke koyarwa."

"Ko aljana ce ke koyarwa ba ni zuwa."

Ranar Asabar ina cikin mota muna tafiya, ina ta masifa har muka isa.

Mai koyarwar sunanta Hiba, amma kowa Kyaftin yake ce mata, haka Misirawa ke kiran duk mai horar da wasa. Gajeriya ce, ga murya kamar ta mai tallar gas. Ajinta na kare kai ne, matan da ke ciki akwai likita, akwai mai shagon gwal, akwai wata tsohuwa da ta ce ita dai zaman gida ne ya ishe ta. Da Larabci muke magana, wanda na iya daidai na cefane da faɗa. Zuwana na farko da na biyu ban harba komai ba. Libarba ta ba ni, wato ƙaramar bindigar hannu, babu harsashi a ciki, ta ce in koyi abu uku har su zama min jiki: bakin bindiga kullum yana kallon gaba, yatsa ba ya taɓa kunama sai an yi niyyar harbi, in an gama a buɗe ta a zazzage kwanso a ajiye ta a kan tebur a buɗe. Kunama dai ita ce ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa. Na ɗauka, na buɗe, na zazzage, na ajiye, na sake ɗauka, har na fara yi a gida da ludayi. Na tambaye ta yaushe za a koya min kare kan. Ta ce, "Wannan shi ne rabinsa, Madam. Ɗaya rabin ki san hanyar fita kafin ki san hanyar harbi."

Shi kuwa gogan naka yana can ɗakin baya ya sami abin yi. Harsasai ya ɗura min na musamman, albarushinsu kaɗan, iya ƙasan abin da mai kula da ɗakin ya yarda da shi, don ya ce in ya yi ƙasa da haka ma wani haɗarin ne. Ya kawo su a ɗan akwati, ya jera su reras, yana murmushi har kunne.

"Waɗannan masu sanyin murya ne," in ji shi. "Ba sa tsawa, sallama suke yi."

Na ce, "Ka ji shi. Shekara nawa muna tare ko ɗan kunne ba ka taɓa zaɓo min da kanka ba, sai harsashi."

Amma a raina na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Kyaftin ta sa aka ba ni filin ni kaɗai, ta ɗora min abin toshe kunne, ta tsaya a kafaɗata. Bakina yana Hasbunallahu. Na ja kunama. Abin ya ce fau, kamar an buga murfin tukunya. Na duba ƙasa na ga ƙafafuna suna nan inda na bar su. Takardar da ake saiti kuwa ko kusa da ita ban je ba, ina jin wani dutse na sama a hamada, Allah ya ba shi haƙuri.

Haka muka yi ta yi duk Asabar. Kowane zuwa Malam ya ƙara wa harsasan murya kaɗan, ni kuma in ƙara tsayuwa. Har na fara jin daɗin tafiyar. Mukan tsaya a hanya mu sha ruwan rake, yana ba ni labarin kakansa, ina ce masa ya kalli titi.

Ana saura mako guda biki Kyaftin ta ce yau a layi zan tsaya tare da sauran mata. Gabana ya faɗi, don su ba mai ɗura musu masu sanyin murya, na kamfani suke harbawa. Likita a damana, mai gwal a haguna. Kyaftin ta koma bayanmu da lasifika a hannu, saboda duk kunnuwanmu a toshe suke. Ta ce, "Yalla!"

Wayyo Allah! Ashe da can wasa nake yi. Ta dama ta ce dum, ta hagu ta ce dum, ƙarar tana dukan ƙirjina ta cikin riga. Ban san yadda aka yi ba, na dai harba nawa har suka ƙare. Wuri ya yi tsit. Sai lasifika ta tsage daga bayana:

"Faaɗi!"

Ai kuwa na faɗi. Rub da ciki, hannu a ka, hijabi ya rufe min fuska.

Ku tsaya ku ji abin haushin. Kalmar nan na san ta sarai. A bakin Misirawa faɗi shi ne abin da babu komai a cikinsa. Kullum ina tambayar mai tasi ko faɗi yake, kullum mai gas yana tambayata ko tukunyar ta zama faɗi. Kyaftin tambayarmu take yi ko bindigogi sun zama wayam, kowa ta amsa. Amma a wannan lokacin kunnena ya tattara Larabcin shekara da shekaru ya ajiye gefe, ya koma gida. Hausa ya ji, an ce in faɗi, na bi umarni.

Ina kwance ina jin matan sun yo kaina, "Madam! Madam!" Kunya ta rufe ni, ga baƙin ciki. Na ce shi ke nan, khalas, duk wahalar Asabar ɗin nan ta tashi a banza, taga dai ita ce rabona. Malam ya shigo da gudu, ya durƙusa ya ce, "Fatu, ƙarar ce?"

Na ce cikin hawaye, "Ba ita ta ce in faɗi ba?"

Sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Mutumin nan dariya yake yi! Ya juya ya fassara wa Kyaftin abin da kalmar take nufi da Hausa, ita ma ta dafe ciki, tsohuwar nan har da zama a ƙasa. Na tashi zaune na ce, "To ku yi ta yi, Allah ya isa tsakanina da Larabcinku."

Kyaftin ta share ido ta kama hannuna ta tashe ni. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Madam. Amma zo ki ga wani abu." Ta nuna min teburina. Libarba tana ajiye a buɗe, bakinta yana kallon gaba, kwansunan a zazzage a gefe. Ni ban ma tuna na yi ba.

Ta ce, "Mata biyu suna harbi a kunnenki, ba ki san lokacin da kowace za ta ja ba, kina tsaye. Kin gama, kin buɗe, kin ajiye, duk kina tsaye. Sai da na yi magana kika kwanta. Ni na kayar da ke, ba bindiga ba."

Na tsaya ina kallon teburin nan. Wani sanyi ya sauko min tun daga ka har tafin ƙafa, irin wanda na manta da shi. Na ce wa Malam ya daina washe baki ya nemo min ruwa. A mota ya so ya sake tayar da zancen, na ce in ya kuskura ya faɗa wa 'yan Ataba, shi da tuwo sai dai ya gani a gidan wani.

Ranar zaffa, bayan la'asar, lungunmu ya cika maƙil. Ga masu ganga, ga matan Sudan da turarensu suna guɗa, ga ɗaliban Azhar 'yan gida sun sha manyan riguna sun tsaya gefe suna kallon ikon Allah. Na sauko da Humaira da kaina, hannuna a cikin nata, lallenta har gwiwar hannu. Ta raɗa min, "Umma, kin tabbata?" Na ce, "Ke dai ki kula da wannan takalmin naki."

Mun kai tsakiyar titi na hango abokan Harun sun ɗaga sandunan shamarik. Na buɗe ƙafafuna kaɗan yadda Kyaftin ta koya min, na sauke numfashi. Na farko ya tashi, dum! Na biyu ya bi shi, sai suka ɓarke gaba ɗaya, hayaƙi ja ya rufe lungun. Tsoron yana nan, ƙarya ne in ce bai zo ba, amma ya same ni a tsaye.

A cikin turmutsutsun hannun Humaira ya zame daga nawa. Na gan ta ta juyo a firgice, ta saki hannun angonta, ta tattare farar rigarta ta sunkuya. Ƙasa take dubawa, tsakanin ƙafafun mutane, tana kiran "Umma! Umma!" Yarinyar nan tun tana 'yar makaranta a ƙasa ta saba samuna.

Na dafa kafaɗarta na ce, "Ke, ɗago. Ga ni nan a sama."