Maɗaciyar Tasalla

A Roni, in aka ambaci Mamuda mahauci, abu biyu ake faɗa. Na farko, wuƙarsa ba ta kuskure: zai ɓare maɗaciya daga jikin hanta ba tare da ɗigon ɗaci ya taɓa nama ba. Na biyu, ba wanda ya taɓa jin ya ba da haƙuri da bakinsa. Abokan fawarsa sun ce in ya ɓata maka, da yamma za ka ga ƙunshin gasasshiyar hanta da kitse ya iso gidanka, shi ke nan an shirya. Matarsa Tasalla takan yi dariya ta ce hantar da ta ci a gidan nan ta kai ta garke guda.

Bara da damina Tasalla ta fara ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman in ta ci maiƙo. Daga baya idonta ya koma rawaya. Aka ce shawara ce, Mamuda ya yi ta kawo saiwoyi ana jiƙa mata, ciwo kuwa sai gaba. Da 'yarsu Bahijja, wadda ke aure a Kazaure, ta zo ta ga yadda uwar ta rame, ba ta ko cire mayafi ba ta nemo mota. A Kazaure aka yi hoton ciki. Likita ya ce tsakuwa ce ta taru a maɗaciya, ɗaya ta toshe hanyar da ɗacin ke bi. Sai an je Kano an cire maɗaciyar gaba ɗaya.

Da suka dawo da wannan labari, Mamuda ya ture kwanon tuwonsa.

“Ni za a gaya wa maɗaciya? Kullum da ita nake wuni. Wuƙa ta ɗan zame, ɗacin ya zube, nama ya tashi aiki. Na akuya ma zubarwa ake yi. In ta fashe a cikin uwarki, wa zai wanke?”

“Baba, mutane da yawa an cire musu, suna nan suna yawonsu.”

“Ni dai ban taɓa cire ta a jikin mai rai ba.”

“To ai ba kai za ka cire ba, Baba.”

Tasalla tana kwance a kan tabarma, ta yunƙura ta zauna.

“Malam, ban taɓa tsallake maganarka ba. Amma ciwon nan a cikina yake, kuma na gaji. Zan je.”

“Ki je,” in ji shi. “Amma ba da yawuna ba.”

Da safe mota ta zo. Bai raka su ko bakin zaure ba.

Ranar da za a yi aikin ta zo daidai da cin kasuwa. Mamuda yana feɗe ɗan akuya, ya kai wuƙa kan hanta, sai wuƙar ta zame. Ɗaci ya malale kore shar a kan naman. Mahauta suka dubi juna, don ba su taɓa gani ba. Ya ajiye wuƙar ya koma gefe ya zauna, wayarsa a tafin hannu, har la'asar. Sai ga kiran Bahijja.

“Baba, an fito da Inna. Ta farka, har ta tambayi ko an ba kajinta ruwa.”

Washegari ya zaɓi hanta mafi kyau, ya gasa da kitse, ya barbaɗa yaji, ya ƙunshe, ya hau motar Kano. A ƙofar ɗakin mata wata nas ta tare shi, tana shinshina iska.

“Baba, me ke cikin takardar nan?”

“Hanta ce, ta mai ɗakina.”

“Wadda aka cire wa maɗaciya jiya? Da kitse? So kake ka mayar mana da ita ɗakin tiyata? Kawo nan. Kunu za ta sha tukuna.”

Haka ya shiga hannu rabbana. Tasalla tana jingine da matashi, rawayar idonta ta fara ja da baya. Bahijja ta miƙa masa wata 'yar kwalba, tsakuwoyi a ciki kamar gyaɗar da ta ƙone. Ya juya kwalbar, ya sake juyawa.

“Duk wannan a cikinki?”

“Su nake ɗauke da su kana ba ni jiƙo,” in ji Tasalla. Ta dubi hannuwansa. “Yau ba ƙunshi, Malam?”

“Sun ƙwace a ƙofa.”

“Ayya. To yaya za a yi ke nan?”

Bahijja ta ɗauki buta za ta fita, ya ce ta tsaya. Matan da ke gadajen kusa duk sun kasa kunne. Ya gyara hula, ya durƙusa a gefen gadon, ya yi gyaran murya kamar mai shirin kiran salla.

“Tasalla, na hana ki magani, kuma na bar ki kika taho ban rako ki ba. Ban kyauta ba. Ki yi haƙuri, ki yafe mini.”