Zanen Baba a Kan Tebur

Mijina yana ji da teburin nan kamar ƙwai. Katako ne mai kauri, a tsakar gida ƙarƙashin wata babbar bishiya, bishiyar kuwa ba ta da ta-ido. Da ta yi fure sai ta dinga zubo wani gari rawaya, ga ƙaro yana ɗiga ɗis-ɗis yana mannewa. Maigida ya wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ya shafa kakin zuma, gari na wayewa ta maimaita.

Surukina, Baba, shi kaɗai ne ba ya jin haushinta. Tela ne, kafin shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun dama da magana. Mun gwada biro, yatsun hagun sun kasa riƙewa. Da safe nake turo shi a keken guragu zuwa gindin bishiyar. Haske na tsiyayowa ta cikin ganye, garin furen na yawo a iska a hankali, shi kuma ya sa yatsa yana zane a kan teburin: wuyan riga, aljihu, hannu mai tattara. In shayi yake so, kofi zai zana. In na yi nawa, kofin ya koma tulu. Iyakar hirarsa ke nan a duniya, kuma wallahi ina son ta.

Sai ga maigida da tamfol. Ya rufe teburin da yamma, da safe ya yaye ya kakkaɓe.

"Kin gani? Tas!"

"To, Baba fa?"

"Ai shi ma zai fi son mai tsabta."

Haba! Baba ya ja yatsa a kan katako mai sheƙi, babu abin da ya fito. Ya sake ja. Da kwanaki suka tafi sai ya bar hannun a cinya, ya lumshe ido, shayi ya huce a gabansa. Abin ya tsaya mini a rai.

Na jawo maigida bakin taga. "Zo ka ga mahaifinka."

Ya leƙa, ya ga hannun Baba a cinya. Da yamma na gan shi yana naɗe tamfol ɗin yana gunguni, wai zai ninka kakin, ƙaron ba zai kama ba.

Washegari teburin ya yi rawaya da garin fure. Baba ya dube shi, ya miƙa yatsa, ya fara ja a hankali. Maigida ya sunkuya yana kallo, har ya yi dariya.

"Baba, wannan rigar ai ko mage ba za ta shiga ba. Ta wa ce?"

Baba ya ɗago ya dube ni, gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Ni da ko maigidan ban faɗa wa ba tukuna cewa ina da juna biyu! Kunya ta rufe ni, na kare fuska da gyale.

Ta tsakanin yatsuna na ga mijina ya dubi rigar, ya dube ni. Iska ta taso, ya yi wuf ya kewaye zanen da hannuwansa biyu.