Gefen Idon Malam

Karo na uku ke nan a mako guda da Malam Muntaka ya ture ƙwaryar kunu da gwiwar hannu. Yayarsa, Iya Hassana, ita ta ajiye masa a damansa, yadda ta saba tun da matarsa ta rasu ta dawo gidan tana kula da shi. Kunun ya malale har bakin buzu. Ya yi sauri ya ɗaga takardun Alƙur'anin da yake rubutawa.

"Yaya, ai sai ki yi magana in kin ajiye abu."

"Na yi sallama, na ce ga kunu, ka ce to. Ko da bango na yi maganar?"

Ya mayar da kai kan takardunsa. Ta durƙusa tana kwashe kunun, tana satar kallonsa. Da zai tsoma alƙalami a kurtun tawada, sai ta ga ya juya kansa gaba ɗaya, kamar kaza za ta duba sama, kafin ya sami bakin kurtun.

Bayan girbi ne wani likita Bature ya sauka a Rafin Marke, gabas da Dutse, da akwatuna da ma'aikatansa. Dagaci ya tara gari kaf a gindin tsamiya aka yi ta lalubar wuya. Wanda aka ji wa kaluluwa, a soka allura a zuƙo ruwanta a duba a madubin likita. Mutum arba'in da ɗaya aka samu da ciwon barci, wanda ƙudan tsando na bakin rafi ke sa wa mutane. Malam na cikinsu. Dama an jima ana ganinsa yana gyangyaɗi tsakiyar karatu, alƙalami a hannu. Ranar da aka ce za a fara allura a jijiya, mutane suka fara sulalewa. Malam ne ya naɗe hannun riga ya miƙa damtse a gaban kowa, ya ce neman magani ba ya rage tawakkali. Sai sauran suka dawo.

A wasu garuruwa allurar kan kai har damina, manoma su watsar da ita su tafi shuka. Shi ya sa a nan likitan yake gwada ƙara yawan maganin, allura takwas, duk bayan kwana biyar, ya ga ko za a gama kafin ruwa ya sauka. Ya san maganin yakan taɓa ido, saboda haka kafin kowace allura sai an tambayi mutum idonsa, a rubuta amsar. An yi wa Malam biyar. Barcin ya tafi, ciwon kai ya tafi. Ta shida jibi.

Da Malam ya fita alwala, Iya Hassana ta matsa kusa da takardun. Ba ta iya karatu ba, kuma ba ta taɓa su ba. Amma shekara talatin tana ganin rubutun ƙaninta, ta san yadda yake cika takarda daga gefe zuwa gefe. Ya baje guda huɗu don su bushe. Ta farko a cike take. Ta biyu ta ɗan tsuke. Ta yau kuwa, rubutun ya taru a tsakiya kamar tumakin da suka ga kura, fili ya rage dama da hagu, faɗin yatsa biyu biyu. 'Yar zayyanar da yakan yi da jar tawada a gefe ma babu.

Ya dawo ya same ta a tsugune.

"Ɗan'inna," ta ce. Sunan da uwarsu ke kiransa ke nan, kuma ba ta fito da shi sai magana ta kai. "Idonka yana rufewa ta gefe."

"Alhamdu lillahi, ina gani."

"Ban ce ba ka gani ba. Yatsa nawa na ɗaga?" Ta miƙa hannu ta wajen kunnensa.

Ya juyo da kai. "Uku."

"Ka ƙirga da wuya, ba da ido ba."

Ya zauna a buzu, ya daɗe yana gyara bakin alƙalami da wuƙa. Can ya ce, "Yaya, ni na ce wa mutanen nan su miƙa hannu. Yau in tashi in ce allurar tana cin ido? Kafin la'asar ba za ki sami mutum ɗaya a rumfar allura ba. Kin ga yadda Arzika ya ƙare bara, ana ɗura masa ruwa yana barci. Mutum arba'in za su koma can saboda gefen idona?"

"To in ya cinye gefen ya shigo tsakiya fa? Wa zai ƙarasa wannan?" Ta nuna takardun da haɓa. Saura izu goma sha ɗaya ya kammala.

"Allah ne ya ba da idon."

"Shi ya ba da bakin ma."

Ta ce ya ba ta takarda biyu ta kai wa likita ya gani da idonsa. Ya ce hannun da ba alwala ba zai taɓa su ba, ko da zai makance a yau. Ta san wannan ba ta da ja a kai, sai ta bari.

Washegari ta ɗauki mazarinta da curin auduga, don ba ta iya zama hannu sake, ta tafi rumfar allura. Ta sami Ashafa yana dafa allurai a tukunya. Mutumin Ringim ne, wanzami ne da can kafin ya shiga aikin likita, gemunsa ya fara furfura, kuma shi ke yi wa Baturen tafinta.

"Iya, sannu da zuwa. Ke ma wuyan ne?"

"Wuyana ƙalau, Wanzam. Littafinku na zo tambaya. Me mutane ke cewa in kun tambaye su ido?"

Ashafa ya yi murmushi. "Da sauƙi. Arba'in da ɗaya, duka da sauƙi. Likita har ya ce bai taɓa ganin garin da magani ya karɓa irin wannan ba."

"Mahaifinka yana da rai?"

"Ya rasu, shekara tara."

"Allah ya ji ƙansa. Ranar da zai cika, da aka ce masa yaya jiki, me ya ce?"

Ashafa ya tsaya da juya tukunya. Sannan ya ce, "Da sauƙi."

"To shi Bature bai sani ba, an yi masa uzuri. Kai fa? Ka bar aska ka bar hankali tare?"

Ya ja turmi ya zauna, ta faɗa masa zancen kunu da kurtu da takardu. Ya ce ko ya gaya wa likita, likita zai kira Malam ya tambaye shi, Malam kuma ya ce yana gani, shi ke nan. Ba ya canja abin da ke rubuce saboda labarin ƙwaryar kunu. Sai an nuna masa abin da zai iya aunawa.

Ta shiga murza mazari. Ashafa ya koma kan tukunyarsa. Wata dabara ta faɗo mata. Ta tsinki auduga ta soka a kan mazarin, ta zagaya bayansa a hankali, ta turo ta wajen kunnensa. Bai juyo ba, amma ya kai hannu ya kaɗe.

"Iya, mene ne haka?"

"Ka gani?"

"Na gani mana."

"Ido a tukunya, ka ga abin da ke kunnenka. Gobe ka ce wa Baturenka wata tsohuwa tana da tambayar da ba a amsa ta da sauƙi."

Ranar allura, Malam ne a gaban layi kamar kullum. Likita yana zaune a kujerar tafi-da-gidanka, littafi a cinya, fuska ta yi ja saboda zafi. Ashafa ya tambaya, Malam ya ce alhamdu lillahi, yana gani. Likita ya ɗaga alƙalami zai rubuta, sai Ashafa ya sunkuya ya yi masa doguwar magana da Turanci. Likitan ya ɗago ya dubi tsohuwar da ke tsaye da mazari. Ya ce ta gwada a kansa tukuna.

Dariya ta ɓarke a layi. Wani ya ce, "Iya Hassana za ta kaɗa gashin Bature!" Ita ko ba ta kula ba. Ta ce ya kafa ido a kan jigon rumfa, kada ya motsa kai, in ya ga fari ya yi magana. Audugar ba ta wuce kunnensa da yawa ba ya ɗaga hannu. Aka gwada dagaci, shi ma haka.

Ta dawo wajen ƙaninta. A gaban jama'a ba ta ce Ɗan'inna ba.

"Malam, ka yarda?"

Ya dube ta.

"Ba za ki bari ba ke nan, Yaya."

"Ba zan bari ba."

Ya zauna a turmi ya kafa ido a jigo. Ta turo audugar ta dama. Ta wuce kunne, ta wuce kunci, ta wuce inda dagaci ya gani da nisa. Iya Hassana ta ci gaba da turowa. Da ya so, da tuni ya ce ya gani, ba mai ƙaryata shi. Bai ce ba. Sai da audugar ta zo kusan saitin hancinsa ya ce, "Yanzu."

Ta hagu ma haka, har ta fi.

Likita ya miƙe. Ya karɓi mazarin ya maimaita da kansa sau biyu, ya sa Ashafa ya riƙe sanda a gaban fuskar Malam, ya zana alama inda audugar ke bayyana. Ya mayar da allurar da aka zuƙa cikin tukunya.

Bayan layi ya fara motsi. Mata biyu sun ɗauki ƙoransu, wani ya riga ya kai bakin shinge. Malam ya miƙe bai gyara hannun rigarsa ba.

"Nata'ala, ina za ka? Dawo." Muryar da yake ba da karatu da ita ya fito da ita. "Maganin nan ya tashe ni daga barci, kun gani. Ya taɓa idona, yanzu ma kun gani. Na ɓoye don kada ku gudu, ban kyauta ba, da ni da ku duka. Wanda ya bar nan bai zauna a turmin nan ba, kada ya ƙara gaishe ni."

Nata'ala ya dawo yana susar ƙeya. Har azahar ana yi, Iya Hassana da mazari, Ashafa da sanda, likita yana rubutu. Cikin arba'in da ɗaya, shida ne gefen idonsu ya tsuke, kuma dukansu sun ce da sauƙi da safen nan. Likitan ya dakatar da allurar ga shidan, ya mayar da su kan wani maganin da ba ya taɓa ido. Ya gaya musu gaskiya ta bakin Ashafa: wannan bai kai na farko ƙarfi ba, barcin yana iya dawowa, sai an riƙa duba su. Sauran ya rage musu yawan maganin, ko da za a shiga damina. Ya ce daga yau ba a yi wa kowa allura sai ya zauna a turmi. Abin da ido ya rasa kuwa, ya ce bai san ko zai dawo ba.

Iya Hassana ba ta jira likita ba. Kowace safiya bayan kunu takan zaunar da Malam ya fuskanci bangon zaure, ta turo auduga, ta karce bango da farce inda ya ce yanzu. Kwana goma layin bai motsa ba. Bai ƙara shigowa ciki ba dai, ta ce wannan ma abin godiya ne. Malam ya koma rubutu. Kafin ya fara kowace takarda yakan shafa gefenta da yatsa ya ɗiga tawada a kusurwa huɗu, don sheɗara ta san inda za ta tsaya. Aiki ya yi nauyi, takarda ɗaya a wuni maimakon uku.

Ranar da aka yi ruwan farko, wani ɗalibinsa na da ya kawo masa dabino daga Dutse, aka zuba a faifai a damansa. Yana cikin rubutu, kai a sunkuye. Iya Hassana ta shigo ɗaukar ƙwarya, ta ga dabinon, ta miƙa hannu a hankali ta ɗauki biyu.

"Ɗaya dai, Yaya. Haƙoranki ba su kai na biyu ba."

Ta tsaya da hannu a sama. Kansa bai motsa ba, alƙalami yana tafiya.

Ta mayar da ɗaya, ta ɗauki faifan ta zagaya ta ajiye shi a hagunsa, ta sake miƙa hannu ta kwashi uku. Bai tanka ba.

"Saura wannan ɓangaren," ta ce, ta tafi ɗauko mazari.