Benci a Tashar Motar Guri

Bushira ta goge layin da ta rubuta, ta sake zuba wa kwamfuta ido. Fanka na juyawa a saman kanta, ofishin tsit, sai gurnanin janareta daga baya. Tun safe take neman maganar da za ta buɗe wasan rediyon da ita, amma kanta fayau kamar tulun da aka kife.

Aikinta ke nan a wata ƙungiyar kiwon lafiya a Hadejia, rubuta gajerun wasanni da ke jan hankalin mutanen fadama kan ruwan sha da cutar amai da gudawa. Da can ko tebur ba ta da shi. Yau tana Auyo, gobe Guri, jibi Kirikasamma, wani wurin a babur, wani a kwalekwale. A kan cinya take rubutu, a zauren mai unguwa ko a inuwar ɗakin shan magani, kuma wasannin suna karɓuwa. Sai dai ta rame, ci sai abin da hanya ta ba ta, 'yarta Umaima kuwa ta fi sabawa da bayan kakarta. Ranar da jiri ya kayar da ita a bakin ruwa a Auyo, likita ya ce jininta ya hau, kuma cikin da take ɗauke da shi ba zai jure jijjigar hanya ba. Shi ne aka zaunar da ita a ofis.

Malam Ari, shugaban sashensu, ya leƙo.

"Malama Bushira, gidan rediyo na jira fa. Ruwa ya fara shiga gonaki. In makon nan ya wuce, ya zama ihu bayan hari."

"Ina kai, Malam."

"Na karanta rubutunki na jiya. Babu kuskure a ciki. Amma babu mai magana haka a Guri. In ya gagara kada ki takura kanki, sai in ba abokin aikinki Musa."

Cikin tausayi ya faɗa, shi ya sa ta fi jin zafinta.

Wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, Yunusa, yana tambayar ko ta sha magani.

"Na sha. Abban Umaima, na kasa rubuta komai a ɗakin nan."

"Kada dai ki ce za ki koma hanya. Ranar da aka kira ni daga Auyo..." Bai ƙarasa ba.

"Ba zan koma ba," ta ce.

Bayan azahar ta ɗauki jakarta, ta tari adaidaita sahu zuwa tasha. A layin motocin Guri, direban da ya saba ɗaukar ta, Abdulmannan, ya taso da fara'a.

"Malama, kwana biyu. Ga gaba nan babu kowa."

"Bari dai in ɗan zauna."

Ta raɓa a ƙarshen benci, cikin matan da suka gama cin kasuwa suna jiran mota ta cika. Wata tsohuwa da ake kira Iya Mairam tana ta musu da maƙwabciyarta.

"Wai mu riƙa tafasa ruwa. Da wane itacen? Itacen ma yana can yana iyo a tsakar gida."

"To zauna nan," ɗayar ta ce. "Ranar da cikinki ya tafasa, kya nemo itace."

Matan suka kwashe da dariya, har da Bushira, wadda ta manta rabon da ta yi irinta. Ta ciro waya ta fara rubutu. Tsohuwar da ta sa a cikin wasan ta samu baki, maƙwabciyarta ta samu amsa, har hanyar busar da karan dawa na hura wuta a kan rufin ɗaki ta shigo, don wata a bencin ta ce haka suke yi a garinsu.

"Saura mutum ɗaya," Abdulmannan ya ce, yana kallonta.

Ta dubi kujerar. Ta san kowane rami na hanyar nan, ta san inda iskar ruwa ke fara bugun fuska. Ƙafafunta har sun motsa. Sai ta ɗora hannu a kan cikinta.

"Ku je, Allah ya kiyaye hanya. A gaida mutanen Guri."

Wani mai buhun gishiri ya shige gaban, motar ta fice. Bushira ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan ta matsa wa wata mai goyo da ta iso yanzu, ta yi mata sannu, ta tambaye ta ko ruwa ya iso garinsu.