Sukarin Cikin Jakar Haulatu

Ranar da aka ce Haulatu ta faɗi a aji, ko takalmi ban tsaya nema ba, sai ofishin hedimastan makarantarsu a nan Sandamu.

Jikata ce, shekararta tara. Bara aka gano tana da ciwon suga, irin na yara, mai allura kullum. A asibiti a Daura aka koya wa uwarta Murjanatu yin allurar, aka ce ta riƙa sa mata ƙwayar sukari huɗu a jaka, in ta ji jiri da rawar jiki ta tsotsa. Ni ban je ba.

Na buga tebur na ce a kira mini malamarsu, Adama.

"Ke wace irin malama ce? Yarinya na gumi tana karkarwa kina kallo? Wallahi har gaban hakimi sai na kai ki!"

"Inna, ki yi haƙuri," in ji ta. "Uwarta ta yi mini bayani tun farko. Jakarta na fara zazzagewa, ko ƙwaya babu. Kafin in rugo da lemo daga bakin titi ta zube, da ƙyar ta iya sha."

Ni ce nake kwashe sukarin, sati biyu cur, ina zubawa a kokona. Mai ciwon suga a ba shi suga? Na ɗauka shirmen yaran zamani ne. Na kuma gaya wa Haulatu in ta faɗa, ba ni ba ita.

Na juya na fita, ko haƙuri ban ba malamar ba.

Da la'asar, bayan an dawo da ita daga asibiti, ubanta ya tsare ta a tsakar gida.

"Kwaɗayi ya sa kike shanye sukarin, ko? To makaranta ta ƙare. Ki zauna gida inda za a sa miki ido."

Ta kalle ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. "Ni na shanye, Baba."

"Ƙarya take yi," na ce. "Ni ce."

Na faɗa musu komai, har barazanar da na yi mata. Murjanatu ta tashi ta shige ɗaki. Ban nemi a yafe mini ba. Na ce a bar yarinya ta koma ajinta, ni zan raka ta in ba Adama haƙuri a gaban ɗalibanta, sannan a kai ni wurin likitan in ji da kunnena.

Da ƙyar ubanta ya ce to.

Washegari muka kama hanya. Na miƙa hannu in riƙe mata jaka kamar yadda na saba.

"Bar shi, Kaka," ta ce, ta rungume abarta.