Ki Dubi Hancina

Saura ƙiris motar gyaɗa ta bi ta kaina. Farantin ƙuli-ƙulina ya kife a bakin titin Daura, direba na zagi, mutane na salati.

"Wannan canjin hannu sai ya ƙarar da mu," in ji mai shayi. Shekarar ce aka mayar da tuƙi hannun dama, duk wanda ya yi tuntuɓe a Kazaure sai ya ɗora wa gwamnati. Ni ma na ɗora mata, har da Allah ya isa.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, maƙwabcinmu Likita Dunoma, wanda ya ga abin daga kujerarsa ta ƙofar gida. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jami'a yana binciken jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, sai ciwon hanta ya dawo da shi gida. Bayan ranar bai sake fitowa kan kujerar ba, amma aikensa bai yanke ba: Tasalla ta zo, Tasalla ta zo. Na yi ta zillewa. Ni gwauruwa mai marayu da kaskon suya, me zan ce wa mutumin da ya ci boko haka?

Ƙarshe matarsa Ya Kura ta shigo da kanta, mayafi a karkace.

"Don girman Allah ki zo. Ya ƙi kunu, ya ƙi kwanciya, ya hana kowa sakat."

Na durƙusa daga bakin ƙofa, idona a kan tabarma.

"Sannu da jiki, Baba Likita."

"Bar jikin nan, ya gama nasa. Matso. Rufe idon dama da tafinki, ki dubi hancina."

"Haba Baba! Ni in kafa maka ido?"

Tun da nake ban taɓa duban fuskar dattijon nan ba, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Dube shi, na ba ki izini," in ji Ya Kura. "Ba wani kyau ne da shi ba da zan yi ƙyashi."

Na ɗago. Ashe yana da tabo a gira, idanunsa sun yi rawaya, amma tsaye suke cak. Ya miƙa hannu can gefe, Ya Kura ta tallafe masa gwiwar hannun.

"In kin ga yatsana, ki yi magana."

Na jira. Na ɗauka bai fara ba. Lokacin da na ga yatsan, ya kusa taɓa kumatunsa. Ya Kura ba ta sake tsokanar kowa ba.

"Ba canjin hannu ba ne," ya ce, yana haki. "Ruwan cikin idon ne yake danne jijiya. Ba ya ciwo, daga gefe yake ci. Abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ana iya tare shi. Gobe ki tafi Kano."

In na makance, wa zai soya, wa zai ciyar da yaran?

"Baba, bari ka samu sauƙi tukuna."

"Uwata ma cewa ta yi bari a gama girbi. Da sanda ta ƙarasa rayuwarta."

Washegari ƙanena Halliru ya raka ni. A asibitin ido wani matashin likita ya zaunar da ni, ya ce in rufe ido ɗaya in dubi hancinsa. Dariya ta kusa kufce mini.

"An riga ka, ɗan nan. Likita Dunoma ya yi mini jiya."

Ya sauke hannunsa a hankali. "Malaminmu? Shi ya nace a koya wa ko malamin asibitin ƙauye wannan gwaji. Yaya jikin nasa?"

Duk hanyar dawowa na ƙagu in nuna wa Baba Likita kwalbar maganin idon da aka ba ni. Da la'asar muka sauka. Tun daga kwanar layi na ga tabarmi a shimfiɗe, maza sun riga sun dawo daga maƙabarta.

Na yi kuka, kukan da ban zaci zan yi wa mutumin da sau ɗaya na ga fuskarsa ba. Ya Kura ta bari na gama, ta share mini ido da gefen zanenta, ta kwantar da kaina a cinyarta, ta ɗiga mini maganin.

Da zan fita ban ga kujerarsa ba, tana ta hagu. Sai da na juya kaina gaba ɗaya. Tana nan a jingine da bango, takalmansa na ƙarƙashinta.